Kitson Ƙarshe na Gwaggo Kande

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Baba Malam Lawali, mijin marigayiya Gwaggo Kande, da dukan mutanen gidansa. Ina neman gafararku tun kafin in fara. Na san ba ni ya kamata in yi magana ba. Akwai manya, akwai malamai, akwai waɗanda suka zauna da marigayiya shekara arba'in. Ni kuwa shekarata goma sha shida, kuma ko gaisuwa na zo yi muku ban iya ƙarasa ta ba. Na yi kwanaki a zaman makoki ban ce komai ba sai "amin". Abin da bakina ya kasa ne na ɗora wa alƙalami. In an ga rashin kunya a ciki, laifina ne ni kaɗai, don mahaifina bai san na rubuta ba.

Ni ce Batulu, 'yar Alasan ƙanen marigayiya, ina karatu a lakwal, makarantar Nasara, a Damagaram.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran Gwaggo Kande ranar Alhamis, tara ga watan ƙaramar salla, wanda ya yi daidai da tara ga watan Mayu na 1957, a ɗakinta a Matameye, tsakanin azahar da la'asar, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ni labari ya same ni ranar Juma'a da hantsi. Muna cikin aji aka ce wani mai kamyo, babbar motar kaya, na nemana a bakin ƙofa. Da na fita bai ko tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Ke ce 'yar Alasan? An ce ki taho gida, gwaggonki ta cika." Abin da na fara yi, kuma ina jin kunyar faɗinsa, shi ne na kai hannu na dafe kallabina. Zan faɗi dalili a gaba.

Gwaggo, yanzu da ke nake.

Na zauna a ƙuryar ɗakinki ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗi. Kowacce ta shigo sai ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri, ko muryarta ba a ji." Wata ta ce ba ki taɓa ɓata wa kowa rai ba. Na yi ta duban fuskokinsu in ga ko gidan suka ɓata. Wa suke nufi? Muryarki daga bakin rijiya ake jin ta har bayan masallaci. Haƙuri kuwa, kina da shi ga ƙwarya da kaba da laka, amma ban taɓa ganin kin ba ɗan Adam ko rabinsa ba. Rabin matan da suka zo kin taɓa ce musu kansu kamar an taka tulu. Na san ba a faɗin aibin mamaci, kuma ba aibinki nake faɗi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne sun yabi wata mata daban, sun bar ki. Kwana bakwai ba wanda ya ambaci aikinki, sai tsohuwa ɗaya da ta ce, "Oh, yanzu wa zai yi mana kitso?"

An ce ke makitsiya ce. Gaskiya ne, amma wannan ƙofar gidan ce kawai. Kina ƙona zane a jikin ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Kina saƙa faifai da kabar da kika rina da hannunki, ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga baba. Kina yi wa bangon ɗakin amare ado da laka da farar ƙasa da jar ƙasar da kike zuwa ɗebowa har Dungu, don kin ce ta nan ba ta da jini. Kuma kina yin waƙa. Mutane sun ɗauka sana'a biyar gare ki. Ni da na zauna a gabanki tun ina shekara biyar, na san aiki ɗaya ne.

Ga yadda kike yi, don waɗanda ba su sani ba. Duk sabon zanen da ya zo miki, a kan mutum kike fara gwada shi. Kika ce kai a dunƙule yake, yana motsi, ana kwanciya a kansa, ana ɗora masa tulu, in zane ya jure wannan to ya isa zane. Sai ki kitsa, ki sallami mai kan, ki ce ta dawo bayan kwanaki. In ta dawo kika duba bai yi miki ba, sai ki tsefe shi nan take, ko sannu babu. In ya yi miki, sai ki zaunar da ita ta ba ki baya, ki ɗauko sabuwar ƙwarya ki ƙona shi a jikinta. Wannan ƙwarya ita kike kira uwa. Ba ta sayarwa, ba ta aro, ba a zuba mata ko ruwa. A rataye take a azarar ɗakinki. Daga jikinta zanen ke sauka ya baje a faifai, daga faifai ya hau bango ya yi girma. Layukan kuma ba kya ƙirga su da baki kamar kowa, da waƙa kike ƙirgawa. Har yau mata na niƙa suna rera "Uku su tafi, biyu su dawo, ɗaya ta tsaya ta gaida Ladi," ba su san lissafin bakin faifai suke yi ba.

Sai zane ya hau ƙwarya kike raɗa masa suna, kuma sunayen duk labarin garinmu ne. Akwai "Hanyar Kance". Akwai "Kamyo ya kafe a yashi". Akwai "Akuyar Bawa ta shiga masallaci", wanda Bawa ya yi shekara guda ba ya gaishe ki saboda shi, sannan da ya tashi aurar da 'yarsa shi ya ce a yi mata a bango.

Kaina kika fi so. Kika ce ƙeyata ba ta baje ba, kuma ba ni da surutu. Ban san ko yabo ne ba, amma shi kaɗai na taɓa samu daga bakinki, kuma na riƙe shi.

Kin wahalar da mu, Gwaggo. Ranar da za a kai 'yar Iliyasu ɗakin miji, an gama kitso tun hantsi, an yi wanka, 'yan ɗaukar amarya na ƙofar gida da dawakansu, masu kiɗa sun gaji har sun zauna. Kika shigo ɗaukar zanin ɗaurawarki da kika manta, idonki ya faɗa kan amarya, kika ce tsagar tsakiya ta karkace. Ba wanda ya ga karkacewar. Uwar amarya ta durƙusa tana roƙonki. Kika ce, "Ku je ku ba dawakin ruwa." Kika tsefe kan tas, kika sake. Sai bayan la'asar aka fita da yarinyar, idonta ya kumbura don kuka biyu, na rabuwa da gida da na zafin hannunki. Haka kuma wata Hajiya, matar wani babban ɗan kasuwa, ta taso tun daga Damagaram don ki yi wa 'yarta irin bangon da ta gani a gidan ƙawarta. Ta kawo miki turmin atamfa da goro. Kika ce, "Hajiya, wancan bangon ƙofarsa gabas take kallo. Naku ina yake kallo?" Ta ce ba ta lura ba. Kika ce, "To koma ki lura." Ta koma, kuma ba ta dawo ba. Baba Malam ya yi kwana biyu ba ya cin tuwonki.

Amma ke ɗin ce kika yi kwana uku a ɗakin wata marainiya da za a aurar ba ta da ko kwano huɗu na jere. Kika cika mata bango da zane tun daga ƙasa har sama, yadda duk wadda ta shiga ba ta tuna ta dubi inda kwanoni ya kamata su kasance. Kuma akwai wata baiwar Allah da ba zan faɗi sunanta ba, wadda ciwo ya zubar mata da gashi har ta daina fita ko suna. Kika rina zaren auduga ya yi baƙi wuluk, kika kitsa shi a kan ƙaramar hula, yadda in ta ɗaura kallabi bakin kitson zai leƙo ta goshi da gefen kunne. Shekara shida tana zuwa biki da shi. Ni na riƙe miki zaren, kika ce in na faɗa za ki aske ni da tsingaro. Tana cikin waɗanda suka zo gaisuwa. Ita kuka kawai ta yi ta tafi.

Ranar da aka rubuta sunana za a kai ni lakwal, gidanmu kamar an yi mutuwa. Inna ta kwanta, maƙwabta na shigowa jaje. Ke kika shigo kika ce, "Kukan me? Ku bar ta ta je ta gano mana irin zanen Nasara." Kuma da gaske kike. Kowane hutu sai kin sa na buɗe miki kayena, wato littafin rubutuna, kin duba shafi shafi, ko da ba ki san harafi ɗaya ba. Da na nuna miki ƙarfen nan mai ƙafa biyu da muke zana da'ira da shi, kika juya shi kika ce, "Wai sai da ƙarfe za su yi zagaye? Ragwaye." Kika ɗauki zare da ƙaya kika yi wanda ya fi nawa a ƙasa. Sannan kika ce in bar miki shi kwana biyu ki ƙara ganin ragwancinsu. Ba ki mayar mini ba. Na sha horo a gaban aji saboda shi, da na faɗa miki kika ce, "Ai ba ki mutu ba."

Ko mutuwarki da taurin kanki a ciki, ko da yake na san kwana ne ya ƙare. An ce zazzaɓi ya kama ki ran Lahadi kina tsakiyar bangon ɗaki a gidan Tanko mahauci. Baba Malam ya ce a kai ki gidan likita. Kika ce, "Likita ba ya bushewa, laka kuwa tana bushewa." Kika koma aiki cikin zafin nan na bazara har ranar Talata, aka ɗauko ki a hannu. Gwaggo, me kwana ɗaya zai rage miki? Bangon nan fa yana nan, ke ce babu.

Yanzu ga dalilin da na dafe kallabi.

Ana jibi salla na zo gida, kika aika a kira ni. Kika zaunar da ni tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ba ki yi waƙa ba ranar, sai gunaguni kike yi a maƙogwaro, ni kuwa na san in kina haka sabon abu ne. Da kika gama kika daɗe kina juya kaina kamar mai zaɓen kabewa. Kika ɗaura mini kallabi da kanki, kika ce, "Wannan shekara uku yana yi mini yawo. Kar ki kuskura ki tsefe sai na gani. Kin ji ko?" Na ce na ji. Kika ce, "Ce kin yi alkawari." Na ce na yi alkawari. Kika ce za ki shigo Damagaram sayen shuni bayan salla, ki zo da ƙwarya.

Kin san dokar lakwal, na sha faɗa miki. Kowace Asabar Madam, malamarmu, na sa a tsefe kai a wanke da sabulu, ta bi layi tana duba ƙwarƙwata. Asabar ta farko na ce kaina ke ciwo, na kwanta na rufa. Ƙaryata ta farko ke nan a makarantar, kuma saboda ke na yi ta. Ina cikin tunanin wace ƙarya zan yi a ta biyu, mai kamyo ya zo.

To kin ga inda kika bar ni. Zanen da kika yi shekara uku kina nema, babu shi a ƙwarya, babu shi a faifai, ba shi da suna, ba shi da waƙa. A wuri ɗaya yake a duniya, a ƙeyata, inda ni kaina ba na gani. Na gwada da madubi biyu, amma komai a juye yake fitowa. Na sa ƙawata a lakwal ta zana mini a kaye, abin da ta fito da shi kamar zabi sun bi ta kan toka. Na yi tunanin mai hoto na Damagaram, amma namiji ne, ba zan iya buɗe masa kai ba, kuma mahaifina ba zai taɓa yarda ba. Kitson kuwa ba ya jira. Ya fara tashi ta goshi, ƙaiƙayi na hana ni sakat. Inna ta ce ba kyau a yi ta yawo da kitson mamaci, in zauna ta tsefe mini. Na ce ta bari a yi bakwai. Ta ce, "Bayan bakwai ko kina kuka." Izinin da Madam ta ba ni kuma ranar Lahadi yake ƙarewa.

Na ce bari in dubi iyayen ƙoren nan, ko zan ga mai kama da shi in gane kansa. Na ɗaga kai na ga azara wayam. Na tambaya, aka ce ranar sadakar uku, ina can gidanmu, jama'a ta yi yawa, mazubi ya gaza, wata ta ce ga ƙore can sababbi a rataye ba a aiki da su. Aka sauko da su duka talatin da takwas, aka cika su da gumba, aka rarraba. Wasu sun shiga gidajen gari, wasu sun tafi Kance, wasu Dungu, wasu ba a ma tuna wa aka ba. Ba mugunta aka yi ba, na sani. Lada aka nema miki. Amma aikin shekara arba'in ne ya fita a kan yara cikin hantsi ɗaya, kuma da na fashe da kuka sai aka ce, "Yarinyar nan ta shaƙu da gwaggonta." Wannan ma rabin laifin naki ne. Da kin taɓa zaunar da mutum ɗaya a gidan kin gaya masa mene ne waɗannan ƙoren, maimakon "kar a taɓa" da kike daka wa kowa, da wani ya tsaya a ƙofa.

Mutum ɗaya ta rage da za ta iya duban kitsonki ta karanta shi, ita ce Yaya Rakiya, 'yarki da ke aure a Kurni. Kowa a gidan ya san yadda kuka rabu da ita a kan aikin nan. Tun tana shekara bakwai take gefenki. Duk kitson da ta yi sai kin tsefe, duk ƙwaryar da ta zana sai kin kankare. Ranar da ta yi wa ƙawarta kitson aure kika zo kika warware shi a gaban mata, ta tashi ta jefa tsinkenta a rijiya ta rantse ba ta ƙara taɓawa. Shekara tara ke nan. Ko kan 'ya'yanta maƙwabciya ke kitsa musu. Lokacin da aka kwashe ƙoren ma tana gidan, tana kallo, ba ta hana ba.

Na yi kwana biyar ina zagaya ta. Shekaranjiya Alhamis, da na ji washegari mijinta zai zo su koma, na same ta a bayan rumbu tana wanke tukwane. Na durƙusa na cire kallabi, na ba ta baya.

Ta ce, "Ke 'yar lakwal, mene ne haka? Ƙwarƙwatar Nasara kika kawo mini?"

Na ce, "Na Gwaggo ne. Na ƙarshe. Ba ta kai ga ƙwarya ba."

"To ni ina ruwana? Je ki kabarinta ki nuna mata."

Na ce mata jibi za a tsefe, na ce na yi alkawari. Ta ci gaba da dirzar tukunya. Da na rasa abin faɗi sai na faɗi abin da kika hana ni. Na ce, "Yaya, ta taɓa ce mini hannunki ya fi nata laushi. Ta ce kar in faɗa miki."

Ta ajiye soson. Ta ce, "Ƙeyarki ta faɗa wa. Ni ba ta faɗa mini ba."

Ban motsa ba, ita ma ba ta kore ni ba. Can na ji ta goge hannu a zani, na ji yatsunta masu sanyi a wuyana. Ta karkata kaina wajen haske, daidai yadda kike yi, har da ƙwanƙwasa ni a ka in na motsa. Tana bin layukan da farce tana magana ita kaɗai, kuma daga bakinta na fara jin abin da na yi kwana goma sha bakwai ina ɗauke da shi. Ta ce daga ƙulli ɗaya ya tashi a tsakiyar ƙeya. Layi bakwai sun murɗa hagu, bakwai sun murɗa dama, in sun haɗu sai su riƙa shiga ƙarƙashin juna kamar saƙar tabarma, har su fito goshi. Ta ce, "Kai, matar nan. Kai." Sai yatsanta ya tsaya a bayan kunnena na hagu. Ya koma baya, ya sake bi, ya sake tsayawa.

Ta ce, "Ta yi kuskure."

Na ce ba zai yiwu ba.

"Wallahi ta yi kuskure! Na biyar ɗin nan ƙasa ya kamata ya bi, ta haura da shi sama. Ga shi nan ƙiri-ƙiri. Innata ta yi kuskure!" Ta yi wata irin dariya har mata suka leƙo, suna mamakin mai dariya a gidan makoki. Sannan dariyar ta tsaya, ta ce a hankali, "Ashe tun lokacin hannun ya fara rawa."

Ta shiga ɗakinki ta fito da ƙarafanki, ta karɓi sabuwar ƙwarya a wurin Inna, ta hura gawayi. Na ce, "Yaya, don Allah a yi shi yadda yake, har da wurin. Haka ta bar shi." Ta ce, "Juya ki ba ni baya. Da ke aka ce ba ki da surutu." Na zauna tun hantsi har la'asar, salla kawai ta tashe mu. Ina jin ƙaurin ƙwarya, ina jin tana hura ƙarfe tana tsaki, sau biyu ta ƙone a yatsa ta yi zagi. Shekara tara ba ta taɓa ba, amma ban ji ta kankare ko sau ɗaya ba.

Da ta gama ta miƙo mini ta kan kafaɗa. Gwaggo, a ranar na ga aikinki. Ban iya kwatanta shi ba. In ka bi layi ɗaya da ido sai ya ɓace maka, ka same shi can wani gefe, kuma duk inda ka juya ƙwaryar kamar daga nan ne ya fara. Na nemi wurin da ta ce. Layi na biyar ya bi ta ƙasa, lafiya lau, kamar sauran.

Na ce, "Yaya, kin canza."

Ta ce, "Na gyara mata. In ta isa ta zo ta kankare."

Sai ta kifa fuska a cinyarta. Tun da kika rasu ba wanda ya ga hawayenta sai ranar. Da ta lafa ta jawo ni ta tsefe mini kan da hannunta, layi layi, ba ta fizge gashi ko ɗaya ba. Jiya da safe ta tafi Kurni da ƙwaryar da ƙarafan duka a cikin kayanta. Na ce ko za ta bar mini in ƙara gani, ta ce ni rabona ƙaiƙayin ne, na kuma ci.

Har yanzu ina jin haushinku ku biyu. Ban sani ba ko na cika alkawari. Kin ce kar in tsefe sai kin gani, ba ki gani ba. Abin da ke jikin ƙwaryar nan ba shi ne daidai abin da hannunki ya yi ba, wurin da hannunki ya yi rawa kuma ya tafi, ba mai sake ganinsa. Wani sa'in in ce Yaya ta yi gaskiya, don da kin zo Damagaram da kin tsefe wurin kina faɗa. Wani sa'in in ce da ta bar mana shi. Ba ni da wanda zan tambaya, don wadda ke yanke irin wannan magana ke ce.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo Kande. Allah Ya gafarta miki, Ya yafe miki abin da harshenki ya ɗauka saboda abin da hannunki ya bayar. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa zazzaɓin nan ya zama kaffara. Allah Ya ba ki ladan kowace amarya da ta shiga ɗakinta ba ta ji kunya ba. Ni na yafe miki duk ƙwanƙwasa da duk tsawa, ke ma ki yafe mini asirin da na tona.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Malam Lawali, wanda ya yi haƙurin da ake ta jingina wa marigayiya. Ina yi wa Yaya Rakiya da maigidanta da yaransu a Kurni, da Yaya Sallau ɗanku da ke cin rani a Kano bai sami jana'iza ba, da mahaifina da ya rasa 'yar'uwarsa ɗaya tilo, da dukan matan Matameye. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.

Baba Malam, saura roƙo ɗaya. Ƙore talatin da takwas suna gidajen mutane, ana dama fura a cikinsu, kuma ƙwarya ba ta daɗewa a hannun yara. Ba cewa nake a karɓo ba, sadaka ta riga ta fita. Ina neman izininku in sake rubuto muku daga lakwal takarda gajera da za a karanta a gidajen da aka kai su, a faɗa musu abin da ke hannunsu da sunan kowace, su rataye ta har in zo hutun damina in zana su a kaye. Ni kaɗai ba za a saurare ni ba, sai da sunanku. Gobe da sassafe kamyo zai tashi. In kun yarda, ku ce wa mahaifina "to" kawai. In ba ku yarda ba, ba sai kun ce komai ba, zan gane.

'Yarku,
Batulu Alasan
Matameye, Asabar, 18 ga Mayu 1957